Filin Lafiya: Kaskar kurmin Turawa da ciwon Laim

Ba wanda za a koya wa kaska a ƙasar makiyaya. Tana kunnen kare, tana hantsar saniya, tana ƙarƙashin wutsiyar raƙumi. Kirarinta ma kowa ya san shi: kaska raɓi mai jini. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka ga dabba kaɗai ɓarnarta ta tsaya. A ƙasashen sanyi, wato Turai da Amurka ta Arewa, akwai wata ƴar mitsitsiyar kaska mai sa wa mutum ciwo. Sunan ciwon Laim. A waɗannan ƙasashe, cikin dukan cututtukan da cizon ƙwaro ke kawowa, ba wanda ya kai shi yawa.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Tasawa ko Madawa da ciwon dajin Turawa? Ruwansa shi ne ɗansa ko ƙanensa da ke can. Akwai ƴan Nijar a Faransa da Beljik da Jamus, akwai su a Niyok da Kanada, wasu karatu, wasu neman abinci. Idan ɗayansu ya zo ganin gida da damina, jikinsa ya yi zafi, kowa masassarar sauro zai ce. Sau da yawa ita ɗin ce. Wata rana kuwa ba ita ba ce.

Laim sunan wani ƙaramin gari ne a jihar Konetikat, arewa maso gabashin Amurka. Gari ne na cikin itatuwa. Gidajen a warwatse suke, kowane gida da kurmi a bayansa. A shekarar 1975 wata mata mai suna Polly Murray ta kai kuka ga ma'aikatar lafiya ta jihar. Ita da mijinta da ƴaƴanta sun daɗe suna fama da kumburin gaɓoɓi da ciwon kai da tabo a fata. Ta ga lokotoro ya fi a ƙirga. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne. Wasu ma suka nuna mata cewa tunani ne ya yi mata yawa. Matar ba ta yarda ba. Ta shiga tambayar maƙwabta, tana rubuta waɗanda ƴaƴansu ke da irin wannan kumburi. Da takardun nan ta je.

Aka tura wani lokotoro na jami'ar Yel mai suna Allen Steere ya duba. A garin Laim da ƙananan garuruwa biyu na kusa, waɗanda mutanensu duka ba su wuce 12,000 ba, ya samu mutum 51 masu ciwon: yara 39, manya 12. A wasu hanyoyi huɗu na bayan gari, yaro ɗaya cikin goma ya kamu. To sanyin ƙashi ba ya bin unguwa haka. Sai ya lura da abu uku. Masu ciwon a gefen kurmi suke zaune, ba a tsakiyar gari ba. Ciwon ya fi farawa lokacin zafi da ɗan bayansa. Kuma kusan ɗaya cikin huɗu ya tuna cewa wani jan tabo ya fito masa a fata makonni kafin gwiwa ta kumbura. Wannan duk aikin cizon ƙwaro ne.

Akwai wani babban kogi da ya ratsa jihar. Da aka ƙidaya, sai aka ga ciwon a gabashin kogin ya ninka na yamma kusan sau 30. Da aka kama ɓeraye da bareyi na gaɓa biyu aka duba jikinsu, sai ga ƴar kaskar nan tuli a na gabas, kaɗan a na yamma. Kogi ɗaya ne tsakani. Tun daga ranar aka gane cewa ciwon Laim ciwon wuri ne. Yana iya cika wani yanki, ya bar yankin da ke maƙwabtaka da shi.

Ƙwayar cutar kanta sai a 1981 aka gan ta. Wani masanin kaska, Willy Burgdorfer, haifaffen Suwis mai aiki a Amurka, shi ya tsaga cikin kaskar da aka aiko masa daga wani tsibiri na jihar Niyok. A ƙarƙashin madubin likita ya ga wasu siraran ƙwayoyi murɗaɗɗu kamar zaren da aka kaɗa. An buga labarin a 1982, daga baya aka sa wa ƙwayar sunansa, Borrelia burgdorferi. Turawan Turai kuwa sai suka ce ai sun daɗe da sanin tabon. Tun 1909 wani lokotoron fata na ƙasar Siwidin, Arvid Afzelius, ya bayyana jan zobe mai faɗaɗa bayan cizon kaska. Ciwon tsoho ne. Sunan ne sabo.

Yadda kaskar ke rayuwa

Wanda bai san rayuwar kaskar ba, ba zai gane dalilin da ya sa ciwon ke zaɓen wuri ba. Masana suna kiran danginta Ixodes. Tana yin shekara biyu zuwa uku a duniya, kuma sau uku kaɗai take shan jini. Uwar takan zuba ƙwai 2,000 ko fiye a cikin ganyen da ya zubo ƙasa, sannan ta mutu. Ƴaƴan sukan fito ba cuta a jikinsu. Shan jininsu na fari ga ƙananan dabbobi ne, ɓeran daji, ko tsuntsun da ke kiwo a ƙasa. A nan suke kwasar cutar, domin ɓeran yana yawo da ita a jininsa ba tare da ta kayar da shi ba. Sai ƴar kaskar ta faɗo, ta saɓa, ta kwana cikin ganye har sanyi ya wuce. Shekara na zagayowa ta fito neman sha na biyu.

Wannan matsakaiciyar ita ce mugunyar. Girmanta bai kai ƙwayar gero ba. Wanda ya saba da kaskar shanu mai kumbura kamar wake ba zai ma ce wannan kaska ce ba, zai ɗauka ɗigon datti ne. Lokacinta watan Mayu da Yuni da Yuli, daidai lokacin da ake jiran ruwan shuka da noman fari a Maraɗi da Damagaram, kuma daidai lokacin da Turawa ke fita shan iska cikin itatuwa da gajeren wando. A arewa maso gabashin Amurka, wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar na irin wannan matsakaiciya tana ɗauke da cutar. Babbar kuwa wajen rabinsu, amma babba ana ganinta a cire da wuri.

Sha na uku ga babbar dabba ne, yawanci barewa. Barewar ba ta ba kaska cuta. Amma a jikinta namiji da mace ke haɗuwa, da jininta uwar ke yin ƙwai. Ke nan ɓera ne rumbun cutar, barewa ce gidan aure. Mutum dai tsautsayi ne ke kai shi tsakani.

Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle, ba ta faɗowa daga saman icce. Takan hau ciyawa ko ƙaramin tsiro, ta miƙa ƙafafun gaba tana jira. Wanda ya goge ta, ta maƙale. Yawunta yana kashe zafin cizon, shi ya sa ba a ji. Babbar maƙiyiyarta bushewa ce. Idan iska ba ta da laima sosai, dole ta sauko ta ɓuya cikin ruɓaɓɓen ganye ta sha danshi, in ba haka ba ta mutu.

A nan kada kalmar daji ta ruɗi mai karatu. Abin da Bahaushen Nijar ke kira daji, fili ne mai ƙaya da sabara da kalgo, rana na dukan ƙasa. Dajin da ake magana a nan kurmi ne, inuwa rufe, ƙasa shimfiɗe da ganye mai laima shekara duka. Iskar hunturu irin ta Tawa ba za ta bar wannan kaska da rai ba.

Kurmin da ya tafi ya komo

Labarin yadda ciwon ya yi yawa a Amurka labarin gona ne. Turawan da suka zauna arewa maso gabashin ƙasar sun sare kurmi suka yi gonaki da makiyaya. Wajen 1850 yawancin ƙasar Konetikat fili ce. Maharba suka ƙarar da bareyi. Wajen 1900 bareyin irin nan a Amurka duka ba su kai miliyan ɗaya ba. Kaskar ta rage a wasu ƴan tsibirai da lunguna. Daga baya manoma suka bar waɗannan gonaki masu duwatsu, wasu suka yi yamma inda ƙasa ta fi kyau, wasu suka shiga birni aikin masana'anta. Gonar da aka bari can ba ta zama fako, icce ke cinye ta. Yau fiye da rabin jihar Konetikat kurmi ne. An kafa dokar farauta, kerkecin da ke cin barewa kuma an riga an kashe shi. Bareyi suka kai wajen miliyan 30. Sannan bayan yaƙin duniya na biyu mutanen birni masu mota suka riƙa gina gidaje cikin sabon kurmin. Barewa ta zama kamar akuyar unguwa, tana cin furanni a ƙofar gida.

Wani abin mamaki shi ne, guntun kurmi yakan fi babba hatsari. A jihar Niyok masu bincike sun gwada guntayen kurmi da gidaje da hanyoyi suka yayyanka. A 2003 suka bayyana cewa waɗanda ba su kai hekta 2 ba sun fi yawan kaska mai cuta. Dalilin da suka bayar mai sauƙi ne. Dabbobin da ke cin ɓera suna son fili mai faɗi, idan aka matse su sai su tafi. Ɓera kuwa ko ina gida ne.

Har ƴaƴan icce suna da hannu. Akwai wani babban icce na can, Faransawa suna ce masa shen. Yakan yi shekaru yana ƴaƴa kaɗan, sai wata shekara ya zubar da su birjik. Ɓeraye su ci su ƙoshi, shekara mai zuwa su yi yawa. Ƴaƴan kaska su samu wurin sha. Shekara ta biyu bayan zubar ƴaƴan, sai matsakaitan kaska masu cuta su cika kurmin. Masanan da suka yi shekaru suna ƙidayar ɓeraye a Milburuk ta jihar Niyok sukan dubi ƴaƴan iccen bana su yi gargaɗi kan ciwon shekara biyu masu zuwa. Manomin da ya san cewa kaka mai albarka ɓera ke biyo ta, ba zai yi mamakin wannan lissafi ba.

An taɓa gwada raba kaska da barewa. A tsibirin Monhegan na jihar Men, mutanen wurin suka yarda aka kashe bareyin tsibirin duka tsakanin 1996 da 1999. Cikin ƴan shekaru kaskar ta kusa ɓacewa. Amma wannan dabarar tsibiri ce. A babbar ƙasa, ana rage na nan, na can su shigo.

Ina ya fi yawa?

A Amurka tun 1991 doka ta sa lokotoro ya sanar da hukuma duk wanda aka samu da ciwon. Shekaru da dama ana rubuta mutum 30,000 zuwa 40,000 a shekara. A 2022 aka sauƙaƙa hanyar ƙidayar, sai adadin ya haura 62,000, a 2023 ya wuce 89,000. Wannan tsalle na takarda ne fiye da na ciwo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta duba takardun biyan kuɗin magani, a 2021 ta ƙiyasta cewa wajen mutum 476,000 ake yi wa maganin Laim kowace shekara. A cikinsu akwai waɗanda aka yi wa magani bisa zato. Duk da haka tazarar tana nuna cewa abin da ke isa biro kaɗan ne cikin abin da ke faruwa.

Amurka tana da jihohi 50, amma fiye da tara cikin goma na masu ciwon daga jihohi wajen 15 suke. Kashi ɗaya arewa maso gabas, daga Men har Barjiniya, da Niyok da Niyu Jasi da Pensilbeniya a tsakiya. Kashi na biyu Wiskonsin da Minesota, kusa da manyan tafkuna. A kudancin ƙasar kaskar tana nan, ciwon kuwa kaɗan ne. Can ƴaƴan kaskar sun fi shan jinin ƙadangare, shi kuwa ba ya riƙe cutar kamar ɓera. Zafin wurin kuma yana sa su zauna ƙarƙashin ganye, ba su cika hawa ciyawa su tari mutum ba. A Kalifoniya ma an gano a 1998 cewa jinin wani ƙadangaren wurin yana kashe ƙwayar cutar a cikin kaskar da ta sha shi.

A Faransa an ƙiyasta mutum wajen 68,000 a 2018, wajen 47,000 a 2021. Nan ma rabon ba daidai yake ba. Gabas da tsakiyar ƙasar su ne kan gaba: Alzas, Loren, Limuzan, da gindin duwatsun Alp. Bakin Bahar Rum, wajen Marsai, inda ƙasa ke bushewa da zafi, shi ne baya. Kurmin Faransa ya kusa ninkawa biyu tun tsakiyar ƙarni na 19, yau ya kai wajen hekta miliyan 17, bareyinsa ma sun ƙaru. Masu saran icce da masu tsaron gandun daji su suka fi shan cizo, har dokar ƙasar ta sa Laim cikin cututtukan da ake ɗauka a wurin aiki. A 2016 gwamnatin Faransa ta fito da shiri na ƙasa kan ciwon. A 2017 aka buɗe hanyar da kowa zai sanar da cizon kaska ta wayar hannu. Abin da ya fito ya ba mutane mamaki: wajen kashi ɗaya cikin huɗu na cizon, a lambun gida ya faru.

Sauran Turai, ciwon ya fi ƙarfi a tsakiya da arewa: Sulobeniya, Ostiriya, kudancin Jamus, kurmin Arden na Beljik, kudancin Siwidin, da ƙananan ƙasashen bakin tekun Baltik. Ƙwayar cutar ta Turai iri-iri ce. Wata ta fi taɓa fata, wata ta fi taɓa jijiya. Ta Amurka ta fi son gwiwa.

Iyakar kuma ba tsaye take ba. Sanyin ƙasashen arewa yana raguwa, kaskar tana samun kwanakin da za ta kammala rayuwarta a inda da ƙanƙara ke kashe ta. A Siwidin an ga ta matsa arewa tsakanin shekarun 1980 da na 1990. A Kanada mutum 144 aka rubuta a 2009, a 2021 sun wuce 3,000. Tsuntsaye masu ƙaura su ke ɗauke da ƴaƴan kaskar su zubar da su can gaba.

Alamu da magani

Alama ta fari jan tabo ne a wurin cizon. Yakan fito tsakanin kwana 3 da kwana 30. Yana faɗaɗa a hankali har ya wuce santimita 5, wani ya kai tafin hannu biyu. Wani lokaci tsakiyarsa takan washe ya zama kamar zobe. Ba ya cika ƙaiƙayi ko zafi, kuma ba ya ɓamɓarewa kamar makero. Bakwai ko takwas cikin goma na masu ciwon suna yin wannan tabo. Yakan zo da zazzaɓi, kasala, ciwon kai da tsamin jiki.

Ga wurin da ya shafi baƙar fata ƙwarai. Hotunan da ke littattafan likita na farar fata ne, ja fes. A jikin baƙin mutum tabon yakan yi duhu kamar ƙujewa ko kwanciyar jini, ba kowa zai lura ba, har lokotoro. A Amurka an ga cewa baƙaƙen fata sun fi zuwa likita a makare, bayan ciwon ya shiga gaɓoɓi. Saboda haka ɗan Nijar da ke can kada ya jira a tambaye shi. Shi zai ce ya shiga kurmi, shi zai nuna wurin.

Tabon yakan ɓace da kansa ko ba magani, mutum ya ce ya warke. Cutar kuwa ta shige jiki. Bayan makonni tana iya shanye gefen fuska, baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Tana iya kawo ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko ciwon jijiya mai hana barci. Ga wasu ƴan kaɗan takan rikita bugun zuciya, wannan kuwa maganar gaggawa ce. Bayan watanni sai gwiwa ta kumbura, ta saɓe, ta sake kumbura. Ciwon bai cika kisa ba, amma yana kwantar da mai ƙarfi. Yara ƴan shekara 5 zuwa 14 da manya da suka wuce 50 su suka fi kamuwa. Ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, ba dalilin ƙyamar mai shi ko raba masa ƙwarya.

Maganinsa sananne ne kuma ba tsada. Idan an kama shi da wuri, doksisiklin ko amoksisilin na kwana 10 zuwa 14 yakan isa. Idan ya kai gwiwa, kwana 28. Lokotoro ne zai zaɓa, musamman ga mai ciki da ƙaramin yaro. Wannan ba maganin da za a saya a tiren mai talla a sha kwana biyu a bari ba ne. Awon jini a makonnin fari yakan ce ba komai alhali akwai, domin jiki bai riga ya nuna alamar faɗa da cutar ba. Shi ya sa idan tabon ya fito sarai ba a jiran awo. Wasu sukan yi watanni da gajiya da tsamin jiki bayan magani. A kan wannan an yi ta gardama a Amurka da Faransa. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa shan magani wata da watanni yana ƙara sauƙi ba, illarsa kuwa an gan ta. Allurar rigakafi ta mutane ta fito a Amurka a 1998, kamfanin ya janye ta a 2002. A 2022 kamfanonin Pfizer da Valneva suka fara babban gwajin wata sabuwa.

To a Afirka fa?

Kaskar Turai ta tsallako Bahar Rum, amma a bakin ruwa ta tsaya. Ana samunta a kurmin duwatsu masu ruwan sama na arewacin Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Hamada ta tare ta. Mai shiga dajin Baban Rafi neman icce, ko mai kiwo wajen Gaya, ba wannan kaskar zai tarar ba. Kada wani ya karanta wannan fili, gwiwarsa ta kumbura, ya ce Laim ne alhali bai taɓa wuce Agadas ba.

Amma ƙwayar Laim tana da ƴar'uwa a Afirka ta Yamma. Sunanta Borrelia crocidurae, ana samunta a Senegal da Mali da Muritaniya. Ita kaskarta taushi gare ta, kuma ba ruwanta da kurmi. A ramin ɓera take zaune, har ramin da ke cikin ɗakin kwana. Da dare take fitowa kamar kuɗin cizo, ta sha jini cikin ƴan mintuna ta koma. Mutum ba ya ganinta. Ciwon zazzaɓi ne mai zafi na kwana uku ko makamancin haka, ya sauka, bayan mako ɗaya ko biyu ya komo. Yana iya sa mai ciki ɓari. A ƙauyen Diyelmo na Senegal masu bincike sun bi lafiyar mutanen garin daga 1990 zuwa 2003. Suka samu cewa cikin kowane mutum 100, wajen 11 suna yin wannan zazzaɓi a shekara. A wurare da yawa maganin masassara ake ba irin waɗannan, tun da alamun ɗaya ne, maganin masassara kuwa ba ya taɓa wannan ƙwaya. Da aka cike ramuka aka daɓe ɗakunan ƙauyen da siminti, ciwon ya ragu ƙwarai.

Ita ma iyakarta ta motsa, amma ta wata fuskar. Ta Turai laima take bi, wannan bushewa take so. Farin da ya fara wajen 1970 ya ja ta kudu cikin Senegal, kilomita wajen 350, zuwa ƙasar da a da ruwan sama ya yi mata yawa.

Kaskar dabbobi ta ƙasashen Sahel kuma ba ta rasa nata ba. Makiyaya sun san yadda kirci ke bin saniyar da kaska ta yi wa yawa. Babbar kaskar nan mai ƙafafu zobe-zobe, ta raƙuma da shanu, tana iya ɗauke da wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini, wanda ake kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Ya ɓarke a birnin Nuwakshot a 2003. Ana kamuwa ta cizo, ko ta jinin kaska da na dabbar da aka yanka. Al'adar nan ta cire kaska daga jikin sa a murtsuke ta da farce, jini ya fantsama a yatsa, al'ada ce da ya kamata a bari. A jefa ta wuta, a wanke hannu da sabulu.

Mai ɗan'uwa a ƙasashen sanyi ya isar masa da wannan. Idan zai shiga kurmi ko doguwar ciyawa tsakanin watan Afirilu da Oktoba, ya sa dogon wando mai haske, ya cusa ƙafar wandon cikin safa. Ya bi tsakiyar turba. Akwai maganin shafawa mai korar ƙwari a farmasi. Da ya komo gida ya yi wanka, ya duba bayan gwiwa, matsematsi, hamata, cibiya, bayan kunne. Yara a duba musu cikin gashi. Ƙwayar cutar a hanjin kaska take kwance, sai kaskar ta jima tana sha kafin ta taso zuwa yawu. Yawanci sai an wuce kwana guda cur. Wanda ya cire ta a ranar, da wuya ya kamu.

Wajen cirewa ba a sa wuta, ba a ɗiga kananzir ko mai. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali ba fizga. A Faransa ana sayar da wani ɗan ƙugiyar roba don wannan aiki. A wanke wurin da sabulu. Sannan a rubuta ranar cizon da sunan wurin a takarda, a riƙa duba fatar har wata guda. Wanda tafiyar gida ta kama shi cikin wannan wata, ya taho da takardar a aljihu, ya nuna ta a likita idan jiki ya yi zafi kuma awon masassara ya ce babu.